Haɗarin jiragen yaƙi: Me ke faruwa idan inji ya mutu a sama?

Idan injin jirgin yaƙi ya mutu a sararin samaniya, matuƙi kan fara da ƙoƙarin sake tayar da shi. Idan hakan ya gagara, kuma babu filin sauka a kusa, sai ya karkatar da jirgin daga gidajen jama'a, ya ja marikin kujerarsa. Nan take rufin jirgin zai buɗe ko ya fashe, roka ta harba kujerar sama, laimar sauka ta buɗe, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙarfin harbin yakan yi wa ƙashin baya lahani.

Yawan inji na da tasiri. Alpha Jet na da biyu, saboda haka yana iya lallaɓawa da ɗaya. F-7 ƙirar Sin da L-39, wanda makarantar horar da matuƙa ta Rundunar Sojin Sama da ke Kano ke amfani da shi, inji ɗaya gare su.

A ranar 28 ga Satumban 2018, jiragen F-7Ni biyu sun yi haɗari a Abuja yayin atisayen bikin 'yancin kai. Matuƙan sun fice, amma Skwadiron Lida Bello Baba-Ari ya rasu. A ranar 14 ga Yulin 2023, FT-7Ni ya faɗi a Makurɗi lokacin horo, matuƙansa biyu suka tsira.

Kujerar na ceton matuƙi ne kaɗai. A ranar 21 ga Yulin 2025, jirgin F-7 na Bangaladash ya faɗa kan wata makaranta a Dhaka, ya hallaka mutum sama da 30, yawancinsu yara. Kano ma ta ɗanɗana irin wannan masifa, kodayake jirgin fasinja ne: a ranar 4 ga Mayun 2002, jirgin kamfanin EAS ya faɗo Gwammaja bayan injinansa sun gaza, sama da mutum 100 suka rasu.

Filin jirgin Malam Aminu Kano, da sojoji da farar hula ke amfani da shi tare, gari ya riga ya kewaye shi. Don haka lafiyar waɗannan jirage ta shafi mazauna birnin duka, har da na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da ke kudanci.

Bayan irin wannan haɗari, rundunar kan kafa kwamitin bincike na cikin gida. Kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya, wadda ke amincewa da kasafin kuɗin gyaran jiragen, na da hurumin neman sakamakon.