Shayi ba “sha” da “yi” ba ne, ɗan'uwa

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, ina zaune a teburin mai shayi wani matashi ya rantse wai kalmar shayi Hausa ce tsantsa, “sha” da “yi” aka haɗa. Har da tafa masa. Na yi shiru don kada shayina ya huce, amma abin ya tsaya mini a rai.

Kowa ya san ganyen daga Sin ya fito, ba sai na maimaita ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Sinawa da harafi ɗaya suke rubuta sunansa, amma bakinsu bai zo ɗaya ba. Mutanen arewa da na Kanton suna cewa “ca”. Mutanen gaɓar Fujiyan, masu jiragen ruwa, suna cewa “te”. Daga waɗannan biyu kusan duk duniya ta ɗiba. Turawan Holan, da suka fara kai ganyen Turai wajajen 1610, da mutanen “te” suka yi ciniki, shi ya sa Ingilishi ya ce “ti”, Faransanci ya ce “te”. Turawan Fotugal kuwa a Makawo suka zauna tun 1557, cikin masu “ca”, har gobe “sha” suke cewa. To, ko su ma Hausa suke ji?

Yanzu ga inda nake so ku tsaya. “Ca” ta bi ayarin ƙasa ta shiga Farisa, Farisawa suka ƙara mata wutsiya ta koma “cay”. Haka Turkawa suke faɗa, haka Rashawa, haka Indiyawa, haka Sawahilawa a Zanzibar. Da ta isa bakin Balarabe sai ta gamu da shinge, domin a haruffan Larabci 28 babu “c”. Ya duba abin da ya fi kusa, ya sa “sh”, ta zama “shay”. Mu fa muna da “c” ɗinmu lafiya lau: ci, ciki, cokali, caca. Da a ce daga Bafarishe ko Ba'indiye muka karɓa hannu da hannu, ba abin da zai hana mu ce “cayi”. Wannan “sh” hatimi ne. Duk ɗan Illela ya san kaya ba ya wuce kwastan sai an buga wa takardarsa hatimi, ko bayan shekara ka duba ka san ƙofar da ya bi. Ita kuwa “i” ta ƙarshe aikinmu ce, Bahaushe ba ya son barin kalma ba wasali: alƙalam ya zama alƙalami, Littinin ma da ƙyar muka ƙyale ta. Ku sake furtawa a hankali, sha-yi. Ga tushen Sin, ga wutsiyar Farisa, ga hatimin Larabawa, ga hularmu a kai.

Wani dattijo a teburin ya ce ai shayi kaciya ce tun kaka da kakanni. Gaskiyarka Baba, akwai wannan kalmar, amma karin sautinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanzami bai taɓa haɗa sana'a da mai buta ba. Kama da wane ba ta wane.

Ku tsallaka iyaka zuwa Konni ku zauna wurin Buzaye. Ga gawayi a ɗan murhun waya, ga shuɗiyar buta da ba ta fi dunƙulen hannu ba, ana ɗaga ta sama ana tsiyayawa cikin ƙaramin kofin gilashi sai kumfa ta tashi, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Su “shahi” za ka ji a bakinsu, irin faɗar mutanen Libiya. Amma Maroko da Muritaniya “atay” suke cewa, Senegal “ataya”, ita kuwa jikar “te” ce, jiragen Turawa suka sauke ta a tashoshin Maroko, raƙumi ya ƙarasa da ita cikin Sahara. Kalmar teku a bakin mutanen rairayi!

Sauran labarin kun san shi. Ingilishi ya zo da “ti” ɗinsa, ba ta kori shayi ba. Aka samu Lipton, aka dasa ganyen a Mambila, madarar gwangwani da biredi da wainar ƙwai suka hau teburi. Aka rufe iyaka a 2019, aka buɗe ta Illela a Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023, mai shayin Konni da na Illela suna ta kiran abin da suna ɗaya.

Shi kuwa matashin, Lahadi mai zuwa shi zai biya kuɗin kofina.