Jigo Ɗaya da Amshi: Nazarin Tsarin Wa'azi a Ikilisiyoyin da ke Sujada da Hausa

Tsakure

Maƙalar ta auna tsarin wa'azi iri biyu da makarantun tauhidi na Arewacin Nijeriya suka gada daga Amurka, ta gwada su da ginin Luka sura 15. Ta nuna cewa wa'azin da ke zama a kunnen jama'a shi ne mai jigo ɗaya, wanda aka faɗa tun da wuri, ake kuma komawa gare shi kamar amshin waƙa.

Gabatarwa

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wanda Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi wa fassararsa hidima, Hausa ta zama harshen mumbari ga ƙabilu masu yawa: Berom da Ngas a Filato, Bajju a kudancin Kaduna, Tangale a Gombe, Bura da Margi a Borno da Adamawa. Yawancin waɗannan masu sauraro ba da Hausa suka buɗe baki ba. Shi kuwa fasto, in ya yi karatu a makarantar tauhidi ta Bukuru ko Kagoro ko Jos, da Turanci ya koyi shirya wa'azi, daga littattafan da aka rubuta domin wata jama'a dabam. Ana yawan kukan cewa mutane na gyangyaɗi a lokacin wa'azi, a ɗora laifin a kan tsawon sujada ko sanyin zuciya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babban rabon laifin yana cikin takardar da fasto ya hau mumbari da ita.

Waiwaye

Tsari na farko shi ne na rarraba wa'azi kashi-kashi, wanda littafin Broadus (1870) ya ƙarfafa, har ya rikiɗe a hannun ɗalibai ya zama dokar "kan magana uku". Robinson (1980) ya riga ya yi masa gyara da ya ce kowane wa'azi ya tsaya a kan babban tunani guda, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. Wanda ya kamata a ja da shi sosai shi ne mai tsari na biyu, Craddock (1971), da Lowry (1980) da ya bi sawunsa. Craddock ya ga cewa a Amurka ta zamaninsa ƙimar mai wa'azi ta ragu, jama'a sun gaji da a yanke musu hukunci daga sama, sai ya ba da shawarar a fara da rayuwar yau da kullum, a riƙe jigon sai ƙarshe, mai sauraro ya isa gare shi da ƙafarsa. Maganin ya dace da ciwon da ya gani. To amma a ikilisiyar ƙauye ta COCIN ko EYN ko ECWA, maganar fasto ba ta rasa nauyi ba, wani lokaci ma nauyin ya yi yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙarfin riƙe zaren magana mai tsawo cikin harshe na biyu, bayan sanarwa da baiko da waƙoƙin ƙungiyoyi sun riga sun ci sa'a guda ko fiye. In aka ƙara tafinta, kowace jimla ta rabu biyu. Wanda aka ɓoye wa jigo na minti talatin a irin wannan hali, ba a girmama hankalinsa ba, an bar shi ne a baya.

Hanyar bincike

An ɗora waɗannan tsare-tsare a kan Luka 15 cikin juyin Hausa na 1979, ana duba wurin da jigo ya bayyana, da sau nawa ya dawo, da wanda ake yi wa magana. An zaɓi surar ne domin ita kanta jawabin baka ce ga taron mutane.

Sakamako

Ayoyi biyu na farko sun nuna dalilin jawabin: Farisiyawa da malaman Attaura suna gunaguni don Yesu yana karɓar masu zunubi, yana ci tare da su. Misalai uku suka biyo baya, kuma a nan mai neman kan magana uku yakan yi murna, ya ɗauka ya samu abin da yake so. Sai dai misalan ba batutuwa uku ba ne. Magana ɗaya ce aka faɗa sau uku, kowane karo tana matsowa kusa: tunkiya ɗaya cikin 100, tsabar kuɗi ɗaya cikin 10, ɗa ɗaya cikin biyu, kowanne ya ɓace aka same shi. Makiyayi ya kira abokai da maƙwabta su taya shi murna a aya ta 6, matar mai tsabar kuɗin ta yi haka a aya ta 9. An bayyana ma'anar a fili a aya ta 7, aka sake ta a aya ta 10, tun kafin a shiga dogon labarin ɗan da ya ɓace. A cikin labarin ma, maganar uban a aya ta 24 ta dawo a aya ta 32 kusan da kalmominta. Wannan ginin kowace mace a Zumuntar Mata ta san shi, domin haka waƙarsu take: mai bayarwa ta sauya baiti, tulu da ganga na tafiya, amshi bai sauya ba, kuma amshin ne ake tafiya gida da shi.

Idan aka yanka labarin ɗan nan uku, wato tawaye da tuba da karɓa, wa'azin yakan ƙare a aya ta 24, da yanka ɗan maraƙi da murna. Babban wa, wanda ya dawo daga gona ya ji kiɗa ya ƙi shiga, sai ya zama ragowa da ba ta da gurbi a takarda. Alhali shi ne hoton masu gunagunin da aka yi jawabin dominsu, shi ne kuma ya fi kama da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi da ke kujerun gaba ranar Lahadi. Tsarin da aka shigo da shi daga waje ya sare ɓangaren nassin da ya fi cizo.

Masu bin Craddock za su ce ai labarin ya ƙare ba a faɗi ko wan ya shiga gidan ba, kuma wannan shi ne buɗaɗɗen ƙarshen da suke kira gare shi. Gaskiya ne, amma abin da aka bari a buɗe shi ne shawarar da mai sauraro zai yanke. Ma'anar kam an riga an faɗa masa sau biyu. Wasu kuma za su ce maimaici hanyar raggwanci ce, suna nuni da masu wa'azin da ke cika lokaci da "a ce Amin". Wannan suka ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Samo jimla guda da za ta ɗauki nauyin sura, gajera yadda tsohuwar da Hausarta ta kasuwa ce za ta riƙe, kuma daidai da nassi yadda malamin tauhidi ba zai ƙi ta ba, shi ne aiki mafi wuya a mako. Yana bukatar fasto ya rufe littattafan sharhi bayan ya gama da su, ya faɗi jimlar da bakinsa cikin Hausar da jama'arsa ke yi, ya ji ko tana tafiya a harshe, kafin ya ɗora komai a kanta.

Iyakoki

Sura guda ce aka nazarta, kuma labari ce. Wasiƙar Romawa, mai hujja bisa hujja, za ta fi gardama, ko da yake ita ma karanta ta aka yi da murya ga taro. Ba a kuma auna abin da masu sauraro ke tunawa bayan sujada ba. Wannan aikin fili ne da ke jiran mai yi, kuma ikilisiyoyin birni masu sujada da Turanci, inda jama'a ke rubuta wa'azi a littafi ko a waya, suna bukatar nasu nazarin dabam.