Kwabon Rumawa da ya yi ta ƙanƙancewa

Kwanan nan na bi tarihin tsofaffin kwabban tagulla na Rumawa, irin waɗanda Turawa ke tarawa.

A shekarar 294 Sarki Diyokletiyan ya buga sabon kwabo mai nauyin giram 10, da ɗan shafen azurfa. Tsada ta ci gaba, sai a 301 ya ƙayyade farashi, wanda ya ƙara hukuncinsa kisa. 'Yan kasuwa suka ɓoye kayansu. Ni da na tashi a shago ban yi mamaki ba.

Zuwa 330, zamanin Kwanstantin, kwabon bai kai giram 3 ba. Shi ya sa aka buga su rututu, har yau masu tarawa na samunsu da araha. A 2013 an tono sama da 22,000 wuri guda a Devon, ƙasar Ingila.