Yadda Gyaran Famfon Gas Ya Shigo Karkarar Dambatta

Mu masu gyaran famfon injekta a arewacin Kano, ba a kan mota muka koyi sana'ar nan ba. Injin niƙa ne malaminmu na farko. Tsofaffin injinan Lister na Ingila, da waɗanda Indiya ta kwaikwaya daga baya, famfonsu fulanja ɗaya gare shi, yaro mai natsuwa zai iya kwance shi a kan tabarma. A ƙasa irin ta Dambatta, Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, in injin niƙa ya tsaya, mata ne za su koma turmi, don haka mai gyara ba ya rasa kira.

Sai zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, aka duƙufa gina madatsun ruwa, manyan injina suka shigo karkara. Bayan su hukumar noma ta KNARDA ta zo a farkon shekarun 1980, tarakta ta yawaita: Massey Ferguson, Fiat da ake haɗawa a nan Kano a lokacin, da Steyr ta Bauchi. Nan ne aiki ya yi zurfi. Famfon CAV da ke jikin injin Perkins na Massey ba irin na jere ba ne, kai ɗaya ne ke juyawa yana raba wa kowace silinda gas. Irin wannan famfo, da ɗan'uwansa Bosch VE da ya biyo ƙananan motoci da bas-bas na Beljiyam, gas ɗin da ke ratsa shi ne ke hana ƙarafansa cin juna. Shi kuwa na jere, irin na roka 911, baƙin mai yake sha, shi ya sa ya fi jure wulaƙanci.

Wannan bambanci shi ne ya ci famfuna a lokutan wahalar mai. 'Yan bumburutu su gauraya gas da kananzir, direba ya zuba, kan famfon ya cinye. Sil kuwa, zafi da shekaru ke busar da shi har ya tsage. Na saman murfi da na sandar totur ba su da wuya, ana ganin jiƙa. Mugun shi ne na gaban shaft: a wasu injinan ba ya ɗiga ƙasa, cikin baƙin mai yake zuba. Direba ya zaro sandar awo ya ga mai ya ƙaru, har ya yi murna, alhali metal ne ke shirin tafiya.

Robar sil ɗin ba ta da tsada, Ƙofar Ruwa a cike take da ita, ta ƙwarai da jabu. Abin da ake biya shi ne tsabta da alama. Maigidanmu ba ya bari a taɓa famfo sai an wanke bayansa, an zana masa shaidar tayimin, kuma ba a buɗe shi a fili lokacin hunturu. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa.

Yanzu kasuwa ta ja baya. Tun da gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, masu niƙa da yawa suka rufe, 'yan lambu suka karkata ga sola, sababbin motoci kuma kwamfuta ke ba su mai. Samari sun fi son cire famfo su ɗaura na Beljiyam.

Duk da haka, direba, in ka ga baƙin mai yana ƙaruwa, yana warin gas, kashe injin ka kira mai famfo kafin ka ɗauki kayan kasuwar Dawanau.