Baƙuwar kalma da ta biyo mayaƙa zuwa Ingila

Duk wanda malami ya taɓa rubuta masa “very good” da jan biro ya san kalmar very. Aikinta a yau ƙarfafa magana ne kawai, amma a da ma'anarta “mai gaskiya” ce, kuma ba a Ingila aka haife ta ba.

Tushenta verus ne na Latinanci, harshen Rumawa. Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476, Latinancin talakawa ya yi ta sauya kama a ƙasar da ta zama Faransa, har kalmar ta koma verai. Faransawan yau vrai suke cewa, ma'anar kuma tana nan daram.

Yaƙi ne ya buɗe mata ƙofar Ingila. A 1066 William na Normandi da ke Faransa ya ci Sarki Harold a fagen Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni. A ƙarni na 13 verai ta fara bayyana a rubutun Ingilishi. Ko mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, in ya siffanta jarumi da verray, nufinsa jarumi na haƙiƙa, ba na jabu ba.

Daga ƙarni na 15 ne ta fara sauka daga wannan matsayi. Mutum ya ce abu babba ne a gaskiya, gobe ya sake faɗa, jibi ma haka, har gaskiyar ta dusashe, ƙarfin kawai ya rage. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin mai cewa “ƙwarai da gaske” ba rantsuwa yake yi ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kalmomin gida da suka riga ta wannan aiki: swithe ta tsohon Ingilishi ta ɓace, ful kuma ta ja baya ta bar wa baƙuwa fili.

Ita kanta verus tana da dangin da ba daga Rum suka fito ba. Jamusawa na da wahr, mutanen Wales gwir, tsohon harshen Ailan fír, duk “gaskiya”. A Rashanci vera na nufin imani. Masana sun danganta su ga uwa ɗaya, harshen da ba a taɓa rubuta shi ba, wanda alƙali William Jones ya yi hasashensa a Kalkata a 1786, bayan ya kwatanta Sanskirit da Girkanci da Latinanci.