Ƙofar da aka kulle a hawa na tara

Ranar Asabar ce, 25 ga Maris 1911, da la'asar, ana haramar tashi daga aiki a kamfanin ɗinki na Triangle da ke birnin New York a Amurka. Kamfanin ya mamaye hawa na takwas da na tara da na goma na wani dogon bene, rigunan mata yake ɗinkawa. Ma'aikatansa sun kai 500, akasarinsu 'yan mata ne da talauci ya koro daga Turai, Yahudawan gabashin nahiyar da 'yan Italiya.

Wuta ta kama a kwandon ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburin yanka a hawa na takwas. Aka buga waya hawa na goma, masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, suka haye rufi suka tsira. Na hawa na tara ba su ji labari ba sai da hayaƙi ya iso musu. Suka ruga ƙofa, suka tarar da ita a kulle. Al'adar gidan ke nan: ta ƙofa ɗaya ake fita, a caje jakar kowace yarinya, kada ta saci yadi. Matakalar ƙarfe ta bayan gini ta karye da mutane a kanta. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, amma tsaninsu iyakarsa hawa na shida. Jama'a na tsaye a titi suna kallo 'yan mata suka riƙa faɗowa daga tagogi. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba mutum 146 suka mutu, mata 123, maza 23. Akwai 'yan shekara 14 a cikinsu.

Abin takaicin, waɗannan 'yan matan sun daɗe suna kuka. A ƙarshen 1909 masu ɗinkin riguna kusan 20,000 suka shiga yajin aiki, bayan wata matashiya, Clara Lemlich, ta miƙe a wani taro ta ce surutu ya isa. Suna neman ƙarin albashi da rage sa'o'in aiki da a san da ƙungiyarsu. Masu kamfanoni suka ɗauko 'yan daba, 'yan sanda kuma suka yi ta kama waɗanda aka daka maimakon masu dukan. Ƙananan kamfanoni da dama sun sa hannu a yarjejeniya. Triangle ya ƙi amincewa da ƙungiyar.

To me ya sa 'yan sanda suka tsaya wa masu kuɗi? Amsar tana wani gida da ake kira Tammany Hall, matattarar jam'iyyar Democrat a birnin a wancan zamani. Tammany ce ke raba aikin gwamnati da kwangila, ta kai wa talaka gawayi a lokacin hunturu, ta yi belin ɗansa, ranar zaɓe kuma ta karɓi ƙuri'arsa. Daga attajirai take karɓar nata kason. Mai karatu ba ya buƙatar dogon bayani kan irin wannan siyasa.

An gurfanar da Blanck da Harris bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. Lauyansu, Max Steuer, ya sa wata shaida da ta tsira daga wutar ta maimaita labarinta sau da yawa, don ya nuna haddacewa ta yi. A Disamba 1911 aka sallame su, wai ba a tabbatar sun san ƙofar a kulle take ba. Daga baya, a shari'ar diyya, aka daidaita kan dala 75 a kan kowane rai. Kuɗin inshorar da masu kamfanin suka karɓa ya ninka wannan nesa ba kusa ba.

Sai dai wani abu ya riga ya motsa. Ranar 5 ga Afrilu 1911 dubban dubatar ma'aikata suka yi jerin gwanon makoki cikin ruwan sama. Jagoran Tammany, Charles Murphy, mutum ne mai lissafi. Ya ga wannan taron, ya san iyayen 'yan matan nan da 'yan'uwansu maza suna da ƙuri'a, kuma 'yan gurguzu na zawarcinsu. Sai ya bar yaransa biyu a majalisar jiha, Robert Wagner da Al Smith, suka jagoranci kwamitin binciken masana'antu. A ganina nan ne labarin ya fi ɗaukar hankali: gidan da ya ba da 'yan sanda aka kama masu yaji, shi ne ya zama uban gyara, da ya ga inda riba ta koma.

Cikin masu taimaka wa kwamitin akwai Frances Perkins, wadda ta ga faɗowar 'yan matan da idonta. Ba ta bar 'yan majalisar su zauna a ofis ba. Ta ja su masana'antu, suka ga yara ƙanana suna aiki a gidajen gwangwanin abinci, suka ga mata na fitowa daga aikin dare da asuba. Cikin 'yan shekaru jihar New York ta kafa dokoki sama da 30: a bar ƙofofi a buɗe lokacin aiki, a sa famfunan kashe wuta a dogayen gine-gine, a riƙa atisayen gudun gobara, a taƙaita sa'o'in aikin mata da yara.

A 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa Perkins ministar ƙwadago, mace ta farko a majalisar ministocin Amurka. Wagner, da ya zama sanata, shi ya kawo dokar 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da masu gida.

Blanck kuwa, a 1913 an sake kama shi ya kulle ƙofar masana'antarsa ma'aikata na ciki. An ci shi tarar dala 20.