Na'urorin nuna hanya a jiragen ruwa na shaƙatawa

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya, mutane da dama sun mallaki ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska, waɗanda suke fita da su teku domin shaƙatawa ko gasa.

A da, matuƙin irin wannan jirgi yana dogara ne da kamfas da taswirar takarda da kuma lissafin rana da taurari kafin ya san inda yake. Yanzu kuwa na'urorin lantarki ne ke yin akasarin wannan aiki.

Tsarin GPS

Mafi muhimmanci daga cikinsu ita ce na'urar GPS. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta kafa tsarin, inda aka harba tauraron ɗan Adam na farko a shekarar 1978, sannan tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000 daga doron ƙasa.

Na'urar tana buƙatar saƙo daga taurari huɗu aƙalla, kuma daga lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso ne take lissafa matsayin jirgin.

Har zuwa watan Mayun 2000, da gangan Amurka ke rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, ta yadda kuskure kan kai mita 100. Shugaba Bill Clinton ne ya ba da umurnin dakatar da hakan.

A yawancin jiragen, GPS tana haɗe da allo mai nuna taswirar teku, da alamar jirgin tana tafiya a kanta.

Sauran na'urori

Akwai na'urar auna zurfi, wadda ke aika sauti zuwa ƙasan teku ta kuma auna lokacin dawowar amsa-kuwwarsa. Akwai rada, mai gano jirage da gaɓar teku cikin duhu ko hazo.

Sai kuma AIS, wadda ke sanar da sunan jirgi da saurinsa da inda ya dosa. Tun ƙarshen 2004 ya zama wajibi manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su riƙa amfani da ita. Sai dai ƙananan kwale-kwalen masunta da dama ba su da ita, don haka ba sa bayyana a allon.

Haɗarin dogaro da allo

Ranar 29 ga Nuwamban 2014, jirgin Vestas Wind, wanda ke cikin gasar zagaya duniya ta Volvo, ya afka wa tudun duwatsu na Cargados Carajos a Tekun Indiya, fiye da kilomita 400 arewa maso gabashin tsibirin Morishus. Da dare abin ya faru, jirgin na kan hanyarsa daga Cape Town zuwa Abu Dhabi.

Mutane tara da ke ciki, waɗanda ƙwararru ne, duk sun tsira da rayukansu, amma jirgin ya lalace ƙwarai.

Rahoton binciken da aka fitar a 2015 ya nuna cewa tudun yana cikin taswirar lantarkin, to amma ba ya fitowa sosai sai an zuƙo hoton wurin kusa. GPS dai ta nuna matsayin jirgin daidai.

Wannan ne ya sa makarantun koyar da tuƙin jirgin ruwa ke ci gaba da koyar da aiki da taswirar takarda da kamfas. Ana shawartar matuƙi ya bi hanyarsa dalla-dalla a taswira kafin ya tashi, ya riƙa rubuta matsayin jirgin lokaci-lokaci saboda batir na iya mutuwa, sannan kada a rasa mutum guda da ke sa ido a kan teku dare da rana, kamar yadda dokokin hana karo na ƙasa da ƙasa suka tanada.